Darasi na Goma Sha Ɗaya: Ɗaukar Kiɗan Jitar Lantarki a Kwamfutar Gida

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana hanyar da sauti ke bi daga tsirkiyar jita zuwa cikin kwamfuta;
2. zaɓen kayan aiki da haɗa su ba tare da ya lalata komai ba;
3. saita ƙarfin sauti da rage jinkiri;
4. gano inda ƙugi ke fitowa da yadda ake maganinsa;
5. ɗaukar kiɗa layi-layi, da adana shi, da fitar da shi.

Gabatarwa

Duk wanda ya san Briqueterie ta Yawunde ya san unguwa ce da ba ta rabuwa da hayaniya. Tun da sassafe babura ke kai da kawowa, kekunan ɗinki na ruri a shagunan teloli, da yamma kuma masu tsire su hura wuta, jama'a su cika titi har dare ya raba. Gidaje manne suke da juna, sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Mawaƙin da ke son ɗaukar muryarsa a irin wannan wuri yana shan wahala, domin makirufo ba ya zaɓe, duk abin da ya ji sai ya kwasa.

Mai jitar lantarki ya tsira daga wannan matsala. Sautin jitarsa ba ta iska yake bi ba, ta cikin waya yake tafiya. Idan ya haɗa ta da kwamfuta kai tsaye, ko biki ake yi a ƙofar gidansa ba abin da zai shiga cikin aikin, shi ma kuma ba wanda zai dama. Ka'ida ɗaya ce ke riƙe da darasin nan gaba ɗaya: sautin da ya shiga kwamfuta da tsabta shi ake iya gyarawa, wanda ya shiga a lalace kuwa ba manhajar da za ta warkar da shi.

Waɗanda suka riga mu

Kamaru ƙasar makaɗan jita ce. Ƙungiyar Los Camaroes daga Marwa ta taso kafin ta dawo Yawunde. Babban makaɗinta, Messi Martin, shi ne ya riƙa saƙala zaren auduga tsakanin tsirkiyoyi domin ya dusashe amonsu, har jita ta koma yin sauti irin na balafon, kayan kiɗan katako na mutanen Beti. Da wannan dabara kiɗan bikutsi na zamani ya sami muryarsa, wanda daga baya Zanzibar na ƙungiyar Les Têtes Brûlées ya ƙara ɗaukakawa kafin rasuwarsa a 1988. A 1979 Los Camaroes suka ɗauki faifai a Mango Bar da ke Yawunde da na'ura mai layi biyu kacal. A irin wannan ɗauka kowa na kaɗawa ne a lokaci ɗaya, idan mutum guda ya yi kuskure sai a koma farko.

A wannan shekara ta 1979 aka fitar da na'urar Tascam Portastudio, wadda ke ɗaukar layi huɗu a kan kaset na yau da kullum, abin da ya buɗe wa makaɗa da yawa ƙofar aiki a gida. Francis Bebey, haifaffen Duwala, tun a shekarun 1970 ya mai da wani sashe na gidansa a Paris situdiyo, yana fitar da faya-fayansa ƙarƙashin kamfaninsa na kansa mai suna Ozileka. A ƙasar Hausa ma, a Sakkwato Mdou Moctar ɗan Nijar ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin duniya ta san sunansa. Tsohuwar kwamfutar hannu ta yau ta fi na'urorin 1979 yawan layuka nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake sarrafa ta.

Hanyar da sauti ke bi

A jikin jitar lantarki, ƙarƙashin tsirkiyoyi, akwai maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke kira fikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai a sami 'yar wutar lantarki mai rauni wadda ke hawa da sauka daidai da girgizar. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza kusan sau 82 a sakan ɗaya, mafi siranta kuma kusan sau 330.

Kwamfuta kuwa lambobi kawai ta sani. Saboda haka ake buƙatar akwatin sauti a tsakani. Aikinsa shi ne ya ƙara wa wutar ƙarfi, ya auna ta sau 44,100 ko 48,000 a kowane sakan, ya mai da kowane awo lamba, ya aika wa kwamfuta ta wayar USB.

Masu koyo da yawa sukan sayi ɗan mahaɗi su cusa jita a ramin makirufo na kwamfuta. Sauti zai fito, amma a shaƙe, cike da hayaniya. Dalili shi ne maɗauki yana son mashigar da ba za ta ja wuta da yawa daga gare shi ba, wadda turjiyarta ta kai kusan om miliyan 1. Turjiyar ramin makirufo 'yan dubbai ce kawai, sai ya shanye siririn amon da ke sa jita ta fito tangaran. Mashigar da ta dace tana kan akwatin sauti, an rubuta mata INST ko Hi-Z, wani lokaci kuma an zana hoton jita a gefenta.

Kayan aiki

*Jita.* Tsofaffin tsirkiyoyi ba sa amo. Danshin Yawunde, mai damina biyu a shekara, yana sa su tsatsa da wuri. Ku riƙa goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, ku sauya su kafin muhimmin aiki.

*Wayar jita.* Mai kai ɗaya a kowane gefe, kaurinsa milimita 6.35. Mita uku ta isa. Idan waya ta wuce mita shida sauti yakan fara dusashewa.

*Akwatin sauti.* Mai mashiga ɗaya ko biyu ya wadatar. Focusrite Scarlett da ƙananan akwatunan Behringer na daga cikin waɗanda aka fi sani.

*Kwamfuta.* Ta hannu ta fi dacewa saboda batirinta: idan wuta ta ɗauke, aiki bai tafi ba.

*Hedfon.* Mai rufe kunne duka, kuma mai waya. Na Bluetooth yana da jinkirin da ba a iya kiɗa da shi.

*Manhaja.* Audacity kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita, kuma ta isa a fara koyo. Reaper ba ta da nauyi, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, tana ba da gwajin kwana 60 kafin a biya. Wanda ya saba da FL Studio ko Cubase ba sai ya sauya ba.

A Yawunde ana neman irin waɗannan kaya a shagunan lantarki na Avenue Kennedy da kasuwar Mokolo. Masu shago sun fi sanin akwatin da sunan kart son. Ku karanta wannan hira biyu-biyu a aji:

— Salamu alaikum, Alhaji. Kart son ta waje nake nema, wadda ake sa wa jita.

— Wa alaikumus salamu, Malam. Ga wannan ƙarama, ita ce mai sauƙin kuɗi.

— Allah ya ƙara kasuwa. Amma wannan ramin makirufo da na hedfon kawai gare ta. Wadda aka rubuta wa INST nake so.

— To ga wata, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau.

— Madalla. Na zo da jitata da kwamfutata. Ka yarda in gwada ta a nan kafin mu yi ciniki?

— Bismilla, Malam, ga soket nan.

A wajen gwaji ku murɗa kowane maɓalli ku saurara ko yana ƙaraf-ƙaraf, ku motsa wayar USB ku ga ko haɗin yana yankewa. Kayan hannu ba laifi ba ne, saye ba gwaji shi ne laifi.

Haɗa kaya bi da bi

1. Ku sauko da direban akwatin, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. A Windows, direban ASIO shi ne mai saurin aiki a manhajojin da ke karɓarsa, irin su Reaper da Cubase.
2. Ku mai da maɓallin GAIN da na hedfon ƙasa gaba ɗaya.
3. Ku haɗa akwatin da kwamfuta kai tsaye, ba ta mahaɗi mai ramuka da yawa ba.
4. Ku sa wayar jita a mashigarta, ku danna INST. Maɓallin 48V na wasu makirufo ne, jita ba ta buƙatarsa, ku bar shi a kashe.
5. A cikin manhaja ku zaɓi akwatin a matsayin mashiga da mafita. Ku sa awo a 48,000, zurfi a bit 24.
6. Ku buɗe sabon layi mai hanya ɗaya, wato mono. Idan kun zaɓi sitiriyo, jita za ta fito a kunne ɗaya kawai.
7. Ku saita tsirkiyoyi da na'urar saiti ko manhajar waya: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, daga mai kauri zuwa siririya.

Gargaɗi: kada ku taɓa haɗa mafitar lasifika ta amfilifaya da akwatin sauti. Wutar da ke fita ta nan tana iya ƙone shi nan take.

Saita ƙarfin shiga

Nan ne aka fi yin ɓarna. A manhaja akwai ma'auni mai hawa da sauka, ana ƙirga shi da desibel. Sifiri ne ƙololuwa, duk sauran lambobin ƙasa da shi suke. Idan sauti ya kai sifiri, kwamfuta ba ta da lambar da ta fi wannan, sai ta datse kan sautin, a ji ya fashe, jar fitila ta kama. Abin da aka datse ya tafi ke nan. Lamarin kamar na tela ne: yadin da aka yanka da ragowa ana iya rage shi, wanda aka yanka ya gaza kuwa ba a ƙara masa.

Ga yadda ake yi. Ku buɗe maɓallin ƙara na jikin jita duka. Ku kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, da irin ƙarfin hannun da za ku yi amfani da shi a ainihin ɗauka. Kuna kaɗawa kuna murɗa GAIN sannu a hankali, har ma'auni ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6 a bugu mafi ƙarfi. Sauran kiɗan zai riƙa yawo wajen -18. Idan kun ji sautin ya yi ƙasa, maɓallin hedfon za ku ƙara, ba GAIN ba. Da bit 24 ana iya ɗaga sauti daga baya ba tare da ya lalace ba. Ku tuna kuma hannu yakan ƙara nauyi idan kiɗa ya yi daɗi, don haka ku bar masa wuri.

Jinkiri

Wani lokaci mutum zai bugi tsirkiya amma sautin ya makara kafin ya iso kunne. Kwamfuta ba ta sarrafa awo ɗaya-ɗaya, tara su take yi ƙunshi-ƙunshi. A saitin manhaja ana rubuta girman ƙunshin da sunan Buffer, a ta Faransanci kuma Tampon. Lissafin mai sauƙi ne: a raba girman ƙunshi da yawan awo. Ƙunshi 1,024 a kan 48,000 ya ba da kusan milisakan 21, wato kashi 21 cikin dubu na sakan, a shiga kawai, ga kuma na fita. Ƙunshi 128 kuwa bai kai milisakan 3 ba. Yawancin makaɗa ba sa damuwa idan jimlar ba ta wuce milisakan 10 ba, domin daidai yake da tsayawa kusan mita uku da rabi daga lasifika.

Ƙaramin ƙunshi yana gajiyar da kwamfuta. Ku fara da 128. Idan kun ji sauti na tsinkewa, ku koma 256, ku rufe intanet da sauran manhajoji. Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, ku danna maɓallin Direct Monitor na akwatin, wanda ke kai sautin jita kunne kai tsaye ba tare da ya jira kwamfuta ba. In an zo gyara, sai a mai da ƙunshi 1,024, tunda a lokacin jinkiri ba ya cutarwa.

Ƙugi da maganinsa

Hayaniyar titi ba ta shiga waya, amma ta lantarki tana shiga. Wutar gida a Kamaru bolt 220 ce, tana juyawa sau 50 a sakan, kuma maɗauki yana tsintar wannan juyi ya mai da shi ƙugi mai kauri. Maɗauki mai naɗi ɗaya, irin na jitar Stratocaster, shi ya fi kwasa. Mai naɗi biyu, wanda kamfanin Gibson ya fara sa wa jitocinsa a 1957, an ƙera shi ne domin naɗin biyu su kashe ƙugin juna. A Stratocaster, matsayi na biyu da na huɗu na makunnin zaɓe suna haɗa maɗauka biyu, kuma a yawancin jitocin zamani hakan na rage ƙugi.

Ku bi waɗannan matakai, ɗaya bayan ɗaya, kuna saurare:

1. Ku zare cajar kwamfuta, ta koma kan batir. Sau da yawa nan matsalar take ƙarewa.
2. Ku juya jikinku da jitar a hankali. Akwai fuskar da ƙugi ke raguwa, a nan za ku zauna.
3. Ku ja baya daga kwamfuta kamar mita ɗaya, ku ajiye wayar hannu nesa.
4. Ku kashe fanka da dogon ƙwan fitila, ku zare duk wata caja. Firji da injin keken ɗinki da ke kan layin wuta ɗaya su ma suna kawo ƙara.
5. Ku sauya wayar jita. Idan ƙara na zuwa lokacin da aka motsa ta, ta tsinke a ciki.

Idan ƙugi ya ragu lokacin da kuka taɓa tsirkiyoyi, wannan ba matsala ba ce, haka jita take. Amma idan kun ji wuta tana ɗan jan yatsunku, ku ajiye jitar, ku zare komai, ku kira mai gyaran wuta. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa a soket, kuma wannan batu ne na rai. Kada ku karya ƙafar ƙasa ta filogi don neman shiru, kada ku yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, kuma idan hadari ya taso da tsawa ku zare kayanku daga bango.

Amfilifaya: ta manhaja ko ta gaske

Sautin da ya shiga kai tsaye a bushe yake, siriri, ba kamar wanda aka saba ji a dandali ba. Amfilifaya da lasifikarta ne ke ba jita jiki. A kwamfuta akwai manhajojin da ke kwaikwayonsu, irin su AmpliTube da Guitar Rig, kuma suna da nau'in kyauta. Ana ɗora su ne a kan layi, busasshen sautin kuma yana nan a ƙasa bai canja ba. Amfanin haka babba ne: kiɗan da aka ɗauka yau ana iya sauya masa amfilifaya gobe ba tare da an sake kaɗawa ba.

Masu koyo sukan cika murɗa maɓallin da ke sa sauti ya yi kaushi. Bikutsi da makossa, da yawancin waƙoƙin Hausa na zamani, jita mai tsabta suke so, wadda ake jin kowane bugu daban. Ko a kiɗan Abzinawa irin na Agadas, kaushin da ya yi yawa yana haɗiye ƙananan bugu. Ku sa kaɗan, ku saurara, sannan ku ƙara in da buƙata.

Wanda ke da amfilifaya ta gaske yana iya sa mata makirufo irin Shure SM57, tazarar yatsu biyu daga ragar lasifika. Tsakiyar lasifika na ba da sauti mai kaifi, gefe kuma mai laushi. Sai dai wannan hanya ta sake buɗe wa hayaniyar unguwa ƙofa, ta kuma kai taku hayaniyar gidan maƙwabta.

Ɗauka layi-layi

Ku kunna metronom, mai ƙirga bugu, ko ku sa kiɗan ganga a layin farko. Idan bikutsi ne, ku sa ƙirgen a 6/8. Ku bar shi ya ƙirga zagaye biyu kafin ku shiga.

Jitar rakiya ake fara ɗauka, wadda ke riƙe da tafiyar waƙa. Bayanta sai a buɗe sabon layi a ɗora jitar gaba ana sauraren ta farko a hedfon. Ku ɗauki kowane layi sau biyu ko uku, kada ku share ko ɗaya sai kun huta kun saurara, domin kunnen da ya gaji ba ya hukunci mai kyau. Idan kuskure wuri ɗaya ne, wannan gurbin kawai za a sake. Ku duba saitin tsirkiya kafin kowace ɗauka. Jitar da ta sauka ko kaɗan ba ta gyaruwa idan an riga an ɗora mata wasu layuka.

Mai son rakiya ta cika kunne, ya kaɗa ta sau biyu, ya tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafar layi ɗaya a liƙa ba ta ba da wannan faɗi, ƙara kawai take ƙarawa. 'Yan bambance-bambancen da ke tsakanin kaɗawa biyu su ne ke kawo shi.

Ku buɗe wa kowace waƙa jakarta da suna da kwanan wata. Ku riƙa adanawa bayan kowace ɗauka, a ƙarshen rana kuma ku kwafe jakar a filashi. Minti ɗaya na layi guda yana cin kusan megabait 8.6.

Gyara da fitarwa

Idan ɗauka ta yi kyau, gyara kaɗan ne. Ku share wuraren da jita ta yi shiru, domin a nan ƙugi ke bayyana. Ku yanke duk abin da ke ƙasa da hez 80, wato girgiza 80 a sakan, tunda jita ba ta da amo a can, kuma hakan na rage ƙugin 50 ya kuma bar wa jitar bes da ganga wuri. Ku daidaita ƙarfin layuka yadda jita ba za ta danne murya ba. Amsa-kuwwa kaɗan ta isa, idan ta yi yawa sai kiɗa ya dagule. Kafin ku ce an gama, ku saurara a hedfon, a lasifika, da kuma a wayar hannu, domin a waya yawancin mutane za su ji shi.

Ku fitar da fayil biyu. Na WAV shi ne na ajiya da na kai wa situdiyo ko gidan rediyo. Na MP3 shi ne na rabawa: a kilobit 192, minti ɗaya bai kai megabait ɗaya da rabi ba. Idan za ku tura wa abokin aiki ta WhatsApp, ku tura a matsayin takarda domin fayil ya isa yadda yake.

Haƙƙin maƙwabta da haƙƙin masu fasaha

Unguwarmu unguwar masallatai ce da makarantun allo, da tsofaffi da marasa lafiya a bayan katanga. Hedfon ya ɗauke muku rigima da kowa. Idan ya zama dole a kunna lasifika, a nemi izinin maƙwabta, a kauce wa lokutan salla da na karatu da tsakar dare. Ku ma ku tausaya wa kunnuwanku, ku rage ƙara, ku riƙa cire hedfon kuna hutawa.

Dokar Kamaru mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000 tana kare haƙƙin mawallafa da na makaɗa. Kiɗan da kuka ƙirƙira naku ne, na wani kuma ba a ɗauka a sayar sai da izininsa. Idan kun kaɗa wa wani jita a waƙarsa, ku rubuta yarjejeniya tun kafin aiki: nawa za a biya, sunan wa za a sa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.

Aiki a aji

1. Ku rabu uku-uku. Ɗaya ya haɗa kaya, ɗaya ya karanta matakai, ɗaya ya duba. Sannan ku yi musaya.
2. Ku ɗauki sakan 30 sau biyu: ɗaya a -12, ɗaya har jar fitila ta kama. Ku daidaita ƙarfinsu ku saurara, ku rubuta bambancin da kuka ji.
3. Ku ɗauki shirun jita na sakan 10 da caja a haɗe, da wani sakan 10 a kan batir. Wanne ya fi tsabta?

Tambayoyi

1. Me ya sa hayaniyar titi ba ta shiga kiɗan da aka ɗauka kai tsaye?
2. Mene ne aikin akwatin sauti?
3. Me ke faruwa idan ma'auni ya kai sifiri?
4. Ƙunshi 256 a kan awo 48,000 milisakan nawa ne?
5. Ku kawo abubuwa huɗu da ke jawo ƙugi.
6. Me za ku yi idan kun ji wuta a tsirkiya?
7. Wace dabara Messi Martin ya yi wa jitarsa, kuma don me?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya ɗauki kiɗansa na kansa na minti ɗaya mai layi biyu, rakiya da gaba, ya kawo shi a filashi a matsayin WAV. Wanda ba shi da kaya ya haɗa kai da wanda ke da su, a yi karo-karo. Kada ku jira sai kun sayi babban akwati ko sabuwar kwamfuta. Ku saita tsirkiya, ku kashe ƙugi, ku bar wa ma'auni wuri, ku fara da abin da ke hannunku. A darasi na gaba za mu ɗora murya a kan wannan kiɗa da kuka kawo.